Ba harsashi ne ya kashe Jim Martin ba

Wata 'yar uwa ce ta turo min tambaya, tace ta ga hoton wani yaro cikin kakin soja an rubuta wai ɗan Ostiraliya ne kuma shekararsa 14 ya mutu a yaƙin duniya na ɗaya. Tana so ta san in gaskiya ne, in kuma gaskiya ne ta yaya hukumar soja ta ɗauki yaro ƙarami haka, wace irin uwa ce ma zata yarda, ko a lokacin an ɗauki abin a matsayin abin kunya, sannan a wane faɗa aka harbe shi.

To 'yar uwa, gaskiya ne, ba ƙirƙira bace. Amma bari in fara da tambayarki ta ƙarshe don ita ce mutane suka fi kuskurewa: ba a harbe shi ba. Babu harsashi, babu igwa, babu gurneti a cikin mutuwarsa. Taifod ce ta kashe shi, wannan dai taifod ɗin da muka sani. Na daɗe ina koyar da tarihin yaƙin duniya na ɗaya, kuma duk shekarar da na kawo labarin yaron nan a aji sai kiga fuskar ɗalibai ta canza idan na zo nan, don sun gama shirya zuciyarsu su ji yadda ya ruga da bindiga ya faɗi yana jarumta, sai kuma su ji zawo da zazzaɓi. Ni kuwa a wajena nan ne labarin yake.

Sunansa James Charles Martin, ana ce masa Jim. An haife shi ranar 3 ga Janairun 1901 a wani ƙaramin gari mai suna Tocumwal a bakin kogin Murray. Ki lura da ranar. Ranar 1 ga Janairun 1901 ne yankunan mulkin mallaka guda shida na Birtaniya suka haɗe suka zama ƙasa ɗaya mai suna Ostiraliya, wato ƙasar da ya mutu dominta kwana biyu kacal ta girme shi. Su shida ne a gidansu, shi ne na uku, kuma shi kaɗai ne namiji, sauran biyar duk mata. Iyayensa Charles da Amelia sun yi ta ƙaura daga wannan gari zuwa wancan suna neman abin rufin asiri, har suka zauna a unguwar Hawthorn a birnin Melbon wajen 1910, nan ya yi makarantar gwamnati. Da ya bar makaranta sai ya tafi aikin gona.

Yanzu ga abin da ba a cika faɗa ba. Tun 1911 Ostiraliya ta kafa dokar horon soja na dole ga yara maza. Daga shekara 12 zuwa 14 kana ƙananan kadet a makaranta, daga 14 zuwa 18 kana manyan kadet, da kaki da fareti da koyon riƙe bindiga. Kenan ranar da Jim ya shiga ofishin ɗaukar soja ba baƙo bane a wajen ƙamewa da sarawa da maci. Gwamnati da kanta ta koya masa yadda soja yake tsayuwa tun yana ɗan firamare, sannan daga baya ace ana mamakin yadda akai ya wuce a matsayin babba. Ga shi kuma yaron gona ne, jikinsa ya fi shekarunsa.

Sai kuma yanayin garin. Da yaƙi ya tashi a Agustan 1914 yawancin mutanen Ostiraliya kallon kansu suke a matsayin Turawan Ingila da ke zaune a nesa, Ingila ita ce gida ko da mutum bai taɓa taka ta ba. Andrew Fisher, wanda ya zama firayim minista a Satumbar shekarar, ya riga ya faɗa a wajen yaƙin neman zaɓe cewa zasu tsaya wa Birtaniya har mutum na ƙarshe da sule na ƙarshe. Kuma ba tilas ake ba, rundunar da ake turawa ƙetare ta 'yan sa kai ce zalla, har yaƙin ya ƙare ba a tilasta wa kowa ba, sau biyu gwamnati tana kai maganar tilastawa gaban jama'a a ƙuri'ar raba gardama, 1916 da 1917, sau biyu suna watsi da ita. To tunda babu tilas sai a koma zuga da kunyatarwa, fostoci, kiɗan badujala, jawabai a coci da makaranta, wanda bai je ba ana masa kallon matsoraci. Ga kuɗi ma: sule shida a rana ake biyan kurtun Ostiraliya, biyar a hannu ɗaya a ajiye masa, alhali kurtun Ingila sule ɗaya yake karɓa. Ki ɗora wannan a zuciyar yaro ɗan 14 da ke wahala a gonar wani.

Baban Jim ne ya fara zuwa ya shiga, aka ƙi ɗaukarsa. Sai yaron yace to ai shi ne namijin da ya rage a gidan, shi zai je.

Nan muka zo maganar uwa, kuma ina roƙonki ki ɗan sassauta mata. Doka a lokacin tace duk wanda bai kai 21 ba sai ya kawo takardar amincewar iyaye. Amelia ta ƙi, baban ma ya ƙi. Sai Jim ya faɗa mata cewa idan bata sa hannu ba zai gudu ya je wani gari ya shiga da sunan ƙarya, kuma ba zai taɓa rubuto mata wasiƙa ba. Kuma wannan ba barazanar banza bace irin ta yara, samari da yawa sun yi hakan, sun shiga da sunan da ba nasu ba, wasu sun mutu iyayensu basu ma san inda zasu fara tambaya ba. Gaba kura baya siyaki. Idan ta sa hannu ɗanta ya tafi amma da sunansa, ta san bataliyarsa, ta san lambarsa, in wani abu ya faru gidanta za a aiko. Idan ta ƙi, ya tafi duk da haka, ta rasa shi gaba ɗaya. Ke uwa ce ko kin ga uwaye, kin san yadda yaro namiji yake idan ya kafe a wannan shekarun, balle tilon namiji da aka saba lallaɓawa. Ni bance ta yi daidai ba. Amma idan za a raba laifi kasonta ne mafi ƙanƙanta, kuma ita ce ta biya mafi tsada.

Babban kaso yana wajen masu ɗauka. Ba a tambayar takardar haihuwa a lokacin, abin da ka faɗa da bakinka shi ake rubutawa, sai likita ya auna tsayinka da faɗin ƙirji, ya duba haƙori da ido da ƙafa, shikenan. Jim yace shekararsa 18, aka rubuta 18. Mu da muka san yadda ake rage shekaru a takardar rantsuwa don neman aiki ba sai an mana dogon bayani ba, shi dai nasa ƙari ya yi ba ragi ba. Amma fa ido ba mudu ba ya san kima. Ki sake duba hoton nan da kika gani, ki kalli kumatunsa. Sajan da ya shekara da shekaru yana ganin maza, da likitan da ya tuɓe shi ya duba, ace duk basu gane yaro bane? Ni ban yarda ba. An ga jiki ya kai ma'auni, ga takardar iyaye, ana buƙatar mutane, sai aka kau da kai. Kuma ba shi kaɗai bane, yara da yawa 'yan 15, 16, 17 sun shiga ta wannan ƙofar, shi dai Jim shi ne mafi ƙanƙanta da aka sani cikin 'yan Ostiraliyan da suka mutu a yaƙin.

Ranar 12 ga Afrilun 1915 ya shiga, yana da shekara 14 da wata uku, aka bashi lamba 1553. Wannan ranar ma tana da muhimmanci, don kwana 13 ne kafin sojojin Ostiraliya su sauka Galifoli, wani yanki a gaɓar Turkiyya. Wato lokacin da ya sa hannu ba a fara buga dogayen jerin sunayen matattu a jaridun Melbon ba tukuna, yaƙi a idon yaro har lokacin jirgin ruwa ne da ganin Masar da dawowa gida da lambar yabo. Sai yana sansanin horo a Broadmeadows sannan labarai suka fara zuwa. Aka sa shi cikin rukunin farko na masu cike gurbi na bataliya ta 21, kuma ranar 28 ga Yuni suka tashi daga Melbon a jirgin Berrima zuwa Masar.

Bari in ɗan taɓa miki Galifolin a gurguje don ki gane me ya kai ɗan Melbon gaɓar Turkiyya. Daular Usmaniyya ta shiga yaƙi a ɓangaren Jamus a ƙarshen 1914. Birtaniya da Faransa suna so su buɗe mashigin ruwan Dardanel su isa Istanbul, su fitar da Turkawa daga yaƙin, su kuma samu hanyar kai wa Rasha kaya. Winston Cocil, wanda ke riƙe da ma'aikatar sojan ruwa, yana cikin manyan masu tura wannan dabarar. Sun fara gwadawa da jiragen yaƙi kaɗai, ranar 18 ga Maris nakiyoyin ruwa da igwoyin Turkawa suka nutsar musu da manyan jirage uku, sai aka ce to a sauke sojan ƙasa. Ranar 25 ga Afrilu 'yan Ostiraliya da Niyu Zilan suka sauka a wata 'yar siririyar gaɓa mai tsaunuka da kwazazzabai, suka tarar da Mustafa Kamal, wanda daga baya ya zama Ataturk, shugaban Turkiyya na farko, ya tare musu tuddai. Daga nan kowa ya haƙa rami ya zauna. A watan Agusta aka yi yunƙurin ƙarshe na ɓallewa, a faɗan wani tudu da ake kira Lone Pine kaɗai 'yan Ostiraliya sama da 2,000 aka kashe ko aka jikkata cikin 'yan kwanaki, bai canza komai ba. Af, kuma don kar ki ɗauka Turawa ne kaɗai a wajen, rundunar Faransa ta zo da bataliyoyin baƙaƙen sojoji daga Afirka ta Yamma, waɗanda ake kira 'yan Sanigal duk da ba daga Sanigal kaɗai aka kwaso su ba, akwai Indiyawa ma masu igwa da alfadarai. A wannan shekarar dai su kakanninmu na Rejimantin Najeriya suna can Kamaru suna fama da Jamusawa a Garwa da Mora da Banyo.

Kenan lokacin da aka tura su Jim an riga an sha kaye, shugabanni ne kawai basu furta ba. An kai su ne su karɓi waɗanda suka gaji.

Tun kafin ya isa ma mutuwa ta shafe shi ta wuce. Bataliyarsu ta taso daga Iskandariyya a jirgin Southland, ranar 2 ga Satumba da safe, kusa da tsibirin Lemnos, wani jirgin ƙarƙashin teku na Jamus ya harbe su da nakiya. Aka ruɗe wajen sauke kwale-kwalen ceto, wasu suka kife, mutum wajen 40 suka mutu har da kwamandan birged ɗinsu Kanar Linton. Jirgin kansa bai nutse ba, an lallaɓa shi har tashar Mudros da ke tsibirin. Jim ya yi kusan awa huɗu a cikin ruwa kafin a tsamo shi. Akwai masu cewa wannan jiƙewar ce ta jawo masa ciwon da ya kashe shi, to a nan sai a yi hattara, sanyi baya haifar da taifod, ƙwayar cuta ce ke kawo ta ta baki. Abin da za a iya cewa shi ne ya isa fagen da jiki a raunane. Bayan 'yan kwanaki, cikin daren 7 wayewar 8 ga Satumba, suka sauka Galifoli aka kai su ramukan wajen da ake kira Wire Gully.

Yanzu ki bani hankalinki, don a nan amsar take. Lokacin da ya iso manyan faɗace-faɗace sun lafa, sai harbin ɗauki ɗai-ɗai da jifan bom tsakanin ramuka. Aikin kurtu shi ne gadi, haƙa, gyaran rami, ɗauko ruwa da kaya daga gaɓa zuwa kan tudu. Amma ki yi tunanin wurin. Dubun dubatar maza a cunkushe cikin ɗan fili da bai kai wata unguwa babba ba, wata biyar suna nan basu motsa ba. Masai rami ne a buɗe da itace a gicciye a kai. Tsakanin ramukansu da na Turkawa gawawwaki ne da ba mai iya ɗaukowa, tun na watan Agusta suna nan a rana, in banda ranar 24 ga Mayu da aka tsagaita wuta aka binne na lokacin ba a sake samun irin wannan damar ba. Ga kashin alfadarai. Sai ƙudaje. Duk sojan da ya rubuta wani abu game da Galifoli sai ya yi maganar ƙudaje, har wasu suna cewa sun fi Turkawa damunsu. Mutum ya buɗe gwangwanin jam, kafin ya shafa a biskit saman ya yi baƙi ƙirin, yana kora da hannu ɗaya yana kaiwa baki da ɗaya, wasu suna bin lomar har cikin bakin. Kuma ƙudan nan daga ina ya taso minti ɗaya da ya wuce? Daga masai, ko daga kan gawa.

Ruwa kuma da jirgi ake kawo mafi yawansa, a zuba a tankuna, a hau da shi tudu a gwangwanaye. Ɗan abin da ake ba mutum a rana da shi zai sha, ya dafa shayi, in ya rage ya wanke kwano. Wanke hannu bayan an fito masai? Da wane ruwan? Abinci naman gwangwani ne mai gishiri da ke narkewa a zafi, da biskit mai tauri da ke karya haƙori, ganye da kayan marmari sai dai labari. Ƙwarƙwata a duk ɗinkin riga. A watannin nan na Satumba da Oktoba waɗanda ake kwashewa daga gaɓar saboda ciwo sun fi waɗanda ake kwashewa saboda rauni yawa nesa ba kusa ba, atini da zawo sun zama kamar kowa da nasa, har ba a lissafa mutum a mara lafiya sai ya kasa tsayuwa.

Wani zai ce ba a musu rigakafi bane? Ana yi. Birtaniya ta koyi darasi a yaƙin Bowa na Afirka ta Kudu inda cuta, musamman taifod, ta kashe mata sojoji fiye da harsashi, don haka zuwa 1915 ana yi wa sojoji allurar taifod. Matsalar ita ce allurar lokacin bata kare mutum daga 'yan uwan taifod ɗin guda biyu da ake kira farataifod, waɗanda suka yi yawa a Galifoli, sai a 1916 aka fara haɗa ukun a allura ɗaya. Likitocin soja a gaɓar kuma basu da halin tantancewa, duk zazzaɓin hanji suna ɗaya suke sa masa. Sannan ko allurar ta dace, ba garkuwar ƙarfe bace, idan mutum yana haɗiyar ƙwayar cutar safe da yamma ga yunwa ga gajiya, zata iya fin ƙarfinsa.

Yadda ciwon yake tafiya kuwa, bayan ƙwayar ta shiga takan yi sati ɗaya zuwa uku shiru. Sai zazzaɓi ya fara hawa kaɗan kaɗan kullum yana ƙaruwa, ciwon kai, kasala, ƙin abinci. Sati na biyu zazzaɓin ya tsaya a sama, ciki ya kumbura, mutum ya fara sambatu. Sati na uku shi ne abin tsoro, nan hanji kan yi jini ko ya huje, ko dafin ciwon ya taɓa naman zuciya. Kuma a 1915 babu maganin kashe ƙwayar, maganin farko da ya yi aiki a kan taifod sai 1948 aka gwada shi. Abin da ake da shi kawai kwanciya, ruwa mai tsabta, abinci mai laushi, da nas a kanka. Da wannan kaɗai ma yawancin masu ciwon suna tashi, in an kawo su da wuri.

Jim ba a kawo shi da wuri ba. Kusan sati biyu yana jin jiki yana ƙin zuwa wajen likita. Nawa hasashen, kuma hasashe ne, abu biyu ne suka riƙe shi. Na ɗaya, a wurin da kowa ke zawo kuma ana yi wa mai zuwa layin marasa lafiya kallon malalaci, wanda ya fi kowa ƙanƙanta shi ya fi kowa son nuna shi ba rago bane. Na biyu, ya san idan ya faɗa hannun likitoci aka tuɓe shi aka kalle shi da kyau asirinsa na iya tonuwa a mayar da shi gida, don kuwa haka ake yi wa yaran da aka gano. Babba mai shekara 30 ya san jikinsa, ya san lokacin da ciwo ya wuce wasa. Yaro bai san wuta ba sai ta ƙona shi. Shi yasa nake cewa duk da ba harsashi ne ya kashe shi ba, ƙuruciyarsa tana cikin abin da ya kashe shi.

Wasiƙun da ya rubuto gida suna nan an adana. A ciki yake gaya musu Turkawa na nan kamar yadi 70 daga raminsu, yake cewa kar su damu da shi yana nan garau. Amma abin da ya fi tsaya min shi ne ƙorafin da ya yi cewa wasiƙu suna zuwa wa kowa shi bai samu ko ɗaya ba, yana roƙo su rubuto. Suna rubutowa fa, wasiƙun ne basa isa gare shi. Ki tuna da me ya tsorata uwarsa tun farko, cewa ba zai rubuto mata ba. Shi ya cika alƙawari yana rubutowa, shi ne kuma ya zauna a rami ana kiran sunayen masu wasiƙa ba a kiran nasa.

Ranar 25 ga Oktoba aka sauko da shi gaɓa aka ɗora a kwale-kwale zuwa jirgin asibiti mai suna Glenart Castle da ke tsaye a teku. Ya rame ya lalace. Shugabar nas-nas ta jirgin ta rubuta wa Amelia wasiƙa washegari, kuma daga ita muka san yadda ƙarshen ya kasance. Tace wajen ƙarfe biyar na yamma aka hawo da shi a galabaice, suka kwantar da shi suka yi masa abin da zasu iya, yace ya ji daɗin jikinsa, ya yi mata godiya cikin ladabi, sai ya gyara kwanciya zai yi barci. Ƙarfe bakwai saura minti ashirin zuciyarsa ta tsaya, shiru, ba wani fama. Ko awa biyu bai cika a gadon ba, kuma wataƙila shi ne gado na farko da ya hau tun barinsa Masar. Shekararsa 14 da wata tara. Duka duka zamansa a Galifoli sati bakwai ne.

A teku aka binne shi, yadda ake yi wa waɗanda suka mutu a jiragen asibiti, a naɗe gawa a tamfol a sa mata nauyi a zura. Don haka bashi da kabari. Sunansa yana jikin bangon tunawa na Lone Pine tare da sunaye sama da 4,900 na 'yan Ostiraliya da Niyu Zilan da ba a san kabarinsu ba ko aka binne su a ruwa, yana kuma jikin allunan tagulla na gidan tunawa da yaƙi a Kanbera, babban birnin Ostiraliya, inda mutane ke soka jan fure kusa da sunaye. Shi kansa jirgin Glenart Castle bai ga ƙarshen yaƙin ba, a Fabrairun 1918 Jamusawa suka nutsar da shi kusa da gaɓar Ingila da mutum sama da 150 a ciki.

Wata biyu bai cika ba bayan mutuwarsa, daren 19 zuwa 20 ga Disamba, aka kwashe sojojin daga wajen a ɓoye aka bar wa Turkawa ramukan. 'Yan Ostiraliya kusan 8,700 ne suka mutu a Galifoli, 'yan Niyu Zilan sama da 2,700, Faransawa wajen 10,000, na Birtaniya sama da 20,000, Turkawan da ke kare ƙasarsu kuwa wajen 87,000, kuma su ma akwai yara 'yan makaranta a cikinsu, ba a dai cika jin nasu labarin da Turanci ba. A yaƙin gaba ɗaya Ostiraliya, ƙasar da mutanenta basu kai miliyan biyar ba, ta rasa sama da 60,000. Shi yasa har yau ranar 25 ga Afrilu suke fitowa da asuba suna taron tunawa.

Kin tambaya ko a lokacin an ɗauki abin a matsayin abin kunya. A'a. A Disambar 1915 wata jaridar Melbon ta buga labarin mutuwarsa a matsayin soja mafi ƙanƙanta, da sigar alfahari, ba a kama wani sajan ko likita ba. A yau kam ɗaukar yaron da bai kai 15 ba a soja laifin yaƙi ne a dokar 1998 ta kotun hukunta manyan laifuka ta duniya, kuma yarjejeniyar Majalisar Ɗinkin Duniya ta 2000 ta sa 18 a matsayin shekarun shiga faɗa. Abin da ke ɗan bani haushi shi ne yadda idan yaron Bature ne na shekara ɗari da suka wuce sai a ce jarumi ɗan kishin ƙasa, idan na Saliyo ne ko Laberiya sai a ce yaron da aka zalunta. Ni a wajena sunan na biyu ya dace da su duka.

Shugabar nas ɗin ta haɗo 'yan kayansa aka aika wa uwar. Ƙaramin littafin Sabon Alkawari, ɗan littafin rubutu, ɗamara, ƙarfen wuya mai lambarsa, sai wani zaren takarda ja da fari. Irin zaren nan ne da ake jefawa daga jirgi zuwa ga masu rakiya a tashar ruwa, wanda ke tafiya ya riƙe baki ɗaya, 'yan uwansa a ƙasa su riƙe ɗayan, jirgi na ja yana warwarewa har ya tsinke. Tun daga Melbon yake ajiye da nasa guntun, ya bi shi Masar, ya bi shi rami. Daga baya dangin suka miƙa kayan da wasiƙun ga gidan tunawa na Kanbera, suna can har yanzu.